Uwar Biyu da Idon Kan Falwaya

Shagon Uwar Biyu ɗaki ne guda mai kallon titi, da babban madubi wanda gefensa ya tsage, da kujerun roba, da tabarma ga masu son a yi musu kitso a zaune a ƙasa. Hannunta na da sauƙi, ba ta jan gashi, amma ba wannan kaɗai ke cika shagon da mata ba. A nan ake jin komai: wadda ta haihu, wadda ta yi yaji, abin da ya ƙara tsada a kasuwa, da kansilan da ya zo neman ƙuri'a ya zauna a kan bencinsu ya yi alkawarin gyara famfon layin, daga ranar ba a sake jin ko ƙarar motarsa ba.

Wata safiya ma'aikata suka zo da tsani suka jingina da falwayar da ke ƙofar shagon. Kowa ya ɗauka fitilar titi ce. Uwar Biyu har ruwan sanyi ta aika musu. Da suka sauko suka tafi, sai ga wani abu baƙi, kewayayye kamar ƙwayar ido, yana juyawa a hankali daga wannan bakin layi zuwa wancan. Kyamara ce. Ba a jima ba kuma rediyo ya sanar cewa daga yanzu ba a taruwa a titi sai da izini, saboda mutanen wata unguwa sun fita zanga-zanga a kan ruwa.

Bencin masu hira ya koma cikin gida. Baba Tela, tsohon da shagonsa ke fuskantar nata, ya juya kekensa ya koma kallon bango. Shi dama tun yana da ƙarfinsa aka taɓa ɗauke shi aka tsare saboda wata magana da ya yi a wurin mai shayi, tun daga nan bai sake jefa ƙuri'a ba, in kuma aka fara labarai sai ya murɗe rediyonsa.

A cikin wannan hali ne mijin Uwar Biyu, wanda kowa ke kira Dogo, ya sami aiki bayan ya daɗe a zaune tun da aka rufe maɗaba'ar da yake yi wa aiki. An ɗauke shi a ofishin tsaron gari, a ɗakin da ake kallon hotunan da kyamarori ke aikowa. Uwar Biyu ta yi murna, ta goge masa riga har kwalarta na tsayawa da kanta. Ba ta kawo komai a ranta ba sai da mata suka fara zuwa kitso da bakinsu a ɗinke. A gaisa, a zauna, a miƙa kai, a tashi. In ta jefo zance sai a ce mata, "Haka ne," ko "Allah dai ya kyauta." Daga baya wasu ma suka daina zuwa.

Mai kanti, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun kafin haihuwar tagwaye, ita ce ta fasa mata ƙwan.

"Ba ke ake gudu ba, 'yar'uwa. Amma abin da ya shiga kunnenki, ai kusa da kunnen wani yake kwana."

"Yanzu ni ce zan kwashi maganarku in kai wa hukuma?"

"Ban ce ba. Na dai faɗa miki abin da ake cewa ne. Kar ma ki ce ni na faɗa."

Ta faɗi hakan tana satar kallon falwaya, ta koma kantinta.

Washegari da safe, tagwaye sun tafi makaranta, Dogo na ɗaura takalmi, ta sauke masa abin da ke ranta.

"Baban Biyu, aikinka ya cinye mini nawa."

"Ni fa ba na jin komai," in ji shi. "Hoto ne kawai, babu murya. Rabin yinin ma awaki nake kallo suna tsallaka titi." Sai ya so ya sassauta zancen da wasa, ya ce, "Amma dai jiya na ga kin daɗe a tsaye da mai gawayi."

Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Au, har da ni ake gadi?"

"Wasa nake yi, Uwar Biyu."

"To ka je. Yau za ka sami abin kallo."

Har rana ta yi tsaka ba wadda ta leƙo shagon. Ta share, ta sake sharewa, ta jera mataji da kibiyoyin kitso, ta zauna tana kallon kanta a madubi. Sai rediyo ya sako wani tsohon kiɗa na lokacin da take budurwa, irin wanda ƙafa ke ganewa kafin kunne. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ƙure murya, ta ɗora rediyon a bakin taga, ta ja ɗamara da gyalenta, ta fito tsakiyar layi daidai ƙarƙashin falwaya. Ta ɗaga kai ta kalli idon nan, ta nuna shi da yatsa, sannan ta fara takawa.

Da fushi ta fara, tana dukan ƙasa kamar ita ta yi mata laifi. Amma jiki bai san fushi ba in kiɗa ya yi daɗi. Kafaɗu suka saki, ƙugu ya tuna abin da ya sani, ta yi juyi, ta dawo, ta yi ƙasa har gwiwarta ta yi ƙara, ta taso. Mai ruwa ya tsayar da kurarsa a tsakiyar hanya ya saki baki. Mai kanti ta fito da ludayin awo a hannu, ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhu. Labulen Baba Tela ya ɗan motsa. Ita kuwa kyamara, da take ta kai da komo, sai ta tsaya cak tana kallonta. Da kiɗan ya ƙare Uwar Biyu ta rusuna mata kamar mai gaida surukai, ta karkaɗe zani, ta koma shago tana haki. Rabon da ta ji ƙirjinta ya yi sakayau haka har ta manta.

Da yamma Dogo ya shigo yana ƙoƙarin ɗaure fuska, amma gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Kin san duk ɗakin aka taru a bayan kujerata? Har Oga ya fito ya ce wace ce wannan, ko ba ta da lafiya ne."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ban san ta ba."

"Ba ka san ni ba?"

"Daga baya na ce ina jin kamar matata ce."

Ta jefe shi da matashin kujera, tagwaye suka kwashe da dariya ba tare da sun san dalili ba. Bayan an ci abinci sai ya ce:

"Tun da na fara aikin nan, ke ce mutum na farko da ya ɗaga kai ya kalle ni. Kowa in ya zo ƙarƙashin falwayar sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Mutanen da muka tashi tare. Ƙeyarsu kawai nake gani."

Washegari da rana ta yi sanyi ta sake fito da rediyon. Wannan karon da ta gama, sai Mai kanti ta miƙa mata ludayin ta ce, "Riƙe mini. Amma ki matsa can, kar a ce taro muka yi." Ta shiga fili ta girgiza jikinta mai auki na ɗan lokaci, ta fito tana rufe fuska. Bayan ita Mai burodi ya fito daga gidan gashi, gari har a kan sanƙonsa, ya yi wata irin rawa ta tsalle-tsalle da ba wanda ya taɓa gani, ya koma bakin tanda. Haka abin ya zama. Ba wanda ya kira kowa, ba wanda ya tsara. Mutum ɗaya a fili, sauran kowa a ƙofar shagonsa yana aikinsa, ido a waje.

Ana cikin haka ƙanwar Uwar Biyu, Auta, ta zo tsifa. Auta sana'arta ɗaukar bidiyon bukukuwa, amma tun da taro ya koma sai da izini, kayan aikinta suka koma cikin akwati. Tana zaune da rabin kai a tsefe ta ga Mai ruwa ya ajiye kura yana rawa da jarka a kowane hannu. Ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, tun yaushe ake wannan?"

"An kwana biyu."

"Kuma ba ki faɗa mini ba? Yaya, wannan ai fim ne yake zubewa a ƙasa."

Ta dawo da kayanta. Ta sa tsani ta hau rufin shagon, ta kafa kyamararta kusa da ta hukuma, ta ɗauki layin kamar yadda idon can ke ganinsa: kawuna, rufin kwano, inuwa. Sannan ta sauko ta ɗauke su ido da ido. Ta so kowa ya yi magana, ya faɗi abin da yake so mai kallon can ya sani. A nan aka sami matsala. Duk wanda ta nufa da makirufo sai ya ja baya.

"Rawa dai na yarda," in ji Mai kanti. "Magana kuwa a'a. Ina da yara."

"To ki faɗa da jikinki," in ji Auta.

Mai kanti ta yi tunani, ta gyara ɗankwali. Ta shiga fili ta tsaya kamar mai bin layi, tana matsawa kaɗan-kaɗan a kan kiɗa, tana share gumi, tana leƙen gaba. Ta kai, ta dangwala babban yatsa, ta jefa wani abu a akwatin da babu shi. Sannan ta juyo ta shimfiɗa tafin hannu tana jira. Ta jira, ta jira, ƙugu na kaɗawa, hannu a buɗe. Ta leƙa tafin, ta juya shi, ta karkaɗe, ta koma ƙarshen layi ta sake farawa. Dariya ta ɓarke daga ƙofa zuwa ƙofa, irin dariyar da ke zuwa da ɗan ɗaci.

Kowa ya shiga in ban da Baba Tela. Uwar Biyu ta ɗauki wata riga da ba abin da ya same ta ta tsallaka wurinsa wai a rage mata hannu. Ya karɓa ya juya ta ya ajiye.

"Rigar nan lafiyarta lau, 'yata. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Baba, saura kai."

"Ni na daina shiga duk abin da ya wuce mutum ɗaya."

"Ai mutum ɗaya ne. Kai kaɗai za ka tsaya."

"Haka ake farawa." Ya zura zare a allura ba tare da ya kalle ta ba. "Ke yarinya ce. Wancan karon ma dariya muke yi aka zo. Da na dawo ba wanda ya tambaye ni ina na je. Kowa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Wannan ya fi abin da aka yi mini a can ciwo."

Uwar Biyu ta zauna a kan bencinsa. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka ba ta taɓa jin ya ambaci zancen ba.

"To ni na tambaya, Baba. Ina ka je?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya ba ta labari, ba duka ba, gwargwadon abin da ya iya. Ta saurara har wata mai son kitso ta gaji da jira ta tafi. Da ta tashi ba ta sake yi masa zancen rawa ba.

Bayan 'yan kwanaki, Auta na naɗe waya za ta tafi, sai ga Baba Tela ya fito da kujerarsa, sanye da rigar da ya fi ji da ita. Ya dasa kujerar a ƙarƙashin falwaya ya zauna, ya ɗaga kai ya ƙura wa idon nan ido. Auta ta yi maza ta kunna kyamara, Uwar Biyu ta murɗa rediyo. Tsohon bai motsa ba. Can sai ƙafarsa ta dama ta fara hawa da sauka kamar tana kan fedar keken ɗinki. Kafaɗa ɗaya ta amsa, ɗayar ta bi. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya yi taku kaɗan gaba, kaɗan baya, hannu a bayansa, haɓa a sama. Wajen juyawa ya yi tuntuɓe da ƙafar kujera, ya dafe, ya ci gaba. Ba wata gwaninta ba ce, amma ba wanda ya koma bakin aikinsa sai da ya gama.

"Ki cire wurin tuntuɓen nan," ya ce wa Auta yana ɗaukar kujerarsa.

"Baba, ai nan ne ya fi kyau."

"Yaran yanzu ba ku da kunya."

Auta ba ta gama haɗa fim ɗin ba Dogo ya dawo gida da saƙo. Oga na son ganin matar da ta fara, da mai ɗaukar hoto, da abin da aka ɗauka. An ce wai motsin hannun da ake yi zai iya zama wata alama ce ake aikawa.

"Alamar me?" in ji Uwar Biyu.

"Shi ma abin da yake son sani ke nan."

Da safe ta kai tagwaye wurin Mai kanti ta ce in sun dawo makaranta ba ta nan a ba su abinci. Mai kanti ta riƙe hannunta ta ƙi saki sai da Auta ta ce za su makara.

Aka bi da su ta cikin ɗakin kallo kafin a kai ga ofishin Oga. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, babu taga, bango guda cike da talabijin ƙanana. Ga Dogo can a kusurwa cikin rigar sanyi, duk tsawonsa ya lanƙwashe a kan wata 'yar kujera. A gabansa ta hango layinsu, toka-toka, babu sauti. Ga shagonta kamar akwatin ashana, ga wani ɗigo yana tura kura. Ashe haka suke a nan. Ta dubi mijinta, ya yi mata ɗan murmushin wanda aka kama a wurin da ba ya so a gan shi. Haushin da ya rage mata a kansa ya tafi a wurin.

Oga mutum ne mai tumbi da gajiyayyun idanu. Ya nuna musu kujeru.

"Wa ya sa ku?"

"Mijina, ranka ya daɗe."

Ya gyara zama. "Mijinki?"

"Shi ya ba ni haushi da safe, na ce zan rama."

Ya dube ta, ya dubi Auta, ya kunna fim ɗin a kwamfutarsa. Ya tsayar a wani wuri.

"Wannan hannun da kike ta ɗagawa, me yake nufi?"

"Rawa ce, ranka ya daɗe. In ba a ɗaga hannu ba ai tafiya ce."

Ya ci gaba. Ya wuce Mai burodi, ya yi tari don ya ɓoye wani abu. Da ya zo kan Mai kanti sai ya daina taɓa komai, ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya ya sake kallo.

"Wannan fa?"

"Layi take bi."

"Layin me?"

"Mun bi da yawa, ranka ya daɗe. Ban tambaye ta wanne ba ne."

Ya yi ta neman inda mutum biyu suka tsaya tare a fili, bai samu ba. Ya tambayi Auta ko akwai wanda ya yi jawabi, ta ce ko tari ba wanda ya yi, sai kiɗa da dariya. Ya shafa fuska da tafin hannu.

"Ba a hana rawa ba," in ji shi a ƙarshe. "Amma kar in ji an tara mutane an nuna wannan abin. Shi kuma mijinki ba zai ƙara kallon layinku ba. Ba a sa mutum gadin gidansa. Zan mayar da shi kan tashar mota."

Suna fita Auta ta ce, "Yaya, kin ga ƙafarsa a ƙarƙashin tebur lokacin rawar Mai burodi?"

"Rufe mana baki sai mun bar harabar nan."

Sai da suka sha kwana sannan suka tsaya suka jingina da bango suna dariya.

Tun da an ce kar a tara mutane, ba a tara ba. Auta ta kawo talabijin ta ɗora a kan teburin mataji, aka saki labule, mutane suka riƙa shigowa kaɗan-kaɗan da rana, wai kitso suka zo. Har Mai burodi ya shigo.

"Kai kuma me za a kitsa maka?" in ji Uwar Biyu.

Ya shafa sanƙonsa. "Ki duba dai da kyau, akwai wasu a baya."

Fim ɗin ya fara daga sama, shiru, kawuna na wucewa a sunkuye. Sai kiɗa ya shigo, hoton ya sauko ƙasa, fuskoki suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Auta ta yanka shi yadda in wannan ya ɗaga ƙafa wancan ne zai sauke ta, in Mai ruwa ya fara juyi Mai kanti ce za ta ƙarasa. Ba su taɓa tsayawa tare ba, amma duk wanda ya kalla zai rantse rawa ɗaya suka yi. Kowa ya zo ganin kansa ne, ya ɓuge da kallon maƙwabcinsa.

Ranar hutunsa Dogo ya leƙo. Yana ɗaga labule hira ta ɗauke. Ya tsaya a bakin ƙofa, kansa na gogar saman ƙyaure, bai san ko ya shiga ko ya koma ba. Uwar Biyu na riƙe da kan wata mata, ta ji hannunta ya tsaya. Sai Baba Tela ya matsa a kan benci ya buga wurin da tafin hannu.

"Zauna, Dogo, kana tare mana haske."

Ya zauna. Aka sake kunna fim ɗin daga farko. Duk rawar nan ya riga ya gan ta daga sama, amma bai taɓa jin kiɗan ba, bai san Mai ruwa na fito da baki in yana rawa ba, bai san an yi tafi ba. Ya kalla baki buɗe kamar yaro. Da aka gama Baba Tela ya juyo.

"Wai da gaske ne ba kwa jin abin da muke cewa?"

"Ko atishawa ba ma ji, Baba."

Tsohon ya jinjina kai. "Ashe asarar shiru na yi ta yi."

"Amma ban san na gaba da za su kawo ba," in ji Dogo. "Gaskiya ce nake faɗa muku."

"Ai mun ji gaskiyar. In sun kawo mai kunne, sai mu koyi waƙa."

Daga nan bakuna suka buɗe. Aka koma kan famfo, aka koma kan kansila, Mai kanti ta kwaikwayi tafiyarsa, matar da ake yi wa kitso ta yi ta juyo da kai tana sa baki har Uwar Biyu ta ce in ba ta tsaya ba layin kitson zai karkace ya nufi kunne. Auta ta matsa wa Dogo lamba sai ya fita shi ma an ɗauke shi.

"Yaya Dogo, kai kaɗai ka rage. Ko tsawon ne ba ya lanƙwasuwa?"

"Ke Auta, ki kiyaye ni. Aikina kike so in rasa?"

"Oganku da bakinsa ya ce ba a hana rawa ba."

Ya fita yana gunaguni, ya tsaya ƙarƙashin falwaya, ya ɗaga wa abokin aikinsa da ke can hannu, ya yi wani abu da dogayen ƙafafunsa wanda ya fi kama da mai tsallake kwata. Tagwaye suka ɓuya a bayan uwarsu don kunya.

Fim ɗin ya bi wayoyi ya fita daga layin. Har wani ɗan aiken kansila ya zo da fara'a ya ce mai gida ya gani ya ji daɗi, yana so a sa hotonsa a ƙarshe a matsayin mai goyon bayan al'adu. Auta ta ce ba matsala, amma duk wanda ke cikin fim ɗin sai da ya taka, ya zo ya tsaya a fili shi kaɗai kamar kowa. Ɗan aiken ya ce zai isar. Ba a sake ganinsa ba.

Wata rana da hantsi, shago cike, sai ga wasu mata biyu baƙi sun yi sallama. Babbar ta ce daga bayan tashar mota suke, abinci suke sayar wa direbobi, su ma an kafa musu irin wannan abin a kan rumfarsu.

"An ce ke ce kika fara. Muna so ki zo ki nuna mana yadda ake yi."

"Ai ba a koyarwa, 'yar'uwa. Fita kawai za ki yi."

"Mun fita. Da muka ɗaga kai sai ƙafa ta ƙi. Ki zo dai ki buɗe mana fili."

Dogo, wanda ke shirin tafiya aikin rana, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Bayan tasha kuka ce? Rumfa mai shuɗin leda?"

"Ita ce."

"Uwar Biyu, ki rufa mini asiri. Can ne fa aka mayar da ni. In Oga ya sake ganinki, kan maƙabarta zai tura ni."

"Sai ka ce ba ka san ni ba."

Ta ƙarasa kitson da ke hannunta, ta goge mai a jikin tsumma, ta ce wa sauran su yi haƙuri su jira ta ko su dawo gobe. Ta aika a kira Auta. Ta ɗauki rediyon ta girgiza shi, ta tambayi baƙin ko suna da wuta a rumfar ko sai ta sayi batir a hanya. Suka ce wuta sai ta ga dama. Mai kanti ta miƙo batir ta taga ba tare da an tambaye ta ba, ta ce a jira ta ta rufe kanti, ita ma za ta, amma za ta bi ɗaya gefen titin.